Hirar Bakin Akwati: Ranar da Muka Ɗauki Shatar Jirgi

  

Tun da aka fara fasa asusu bana, saƙo biyu suka iso mini a kan magana ɗaya, ɗaya daga wata ƙungiya ta wajen Agye, ɗaya daga Gazawa. Matan Gazawa ma a salula suka kira, shugabarsu tana magana, ina jin sauran suna dariya a bayanta. Abin da suke so shi ne su fita yawon buɗe ido bayan rabo, su je inda ruwa yake, su shiga jirgi. Wata a cikinsu ta ga hoton wani tsibiri a wayar ɗanta, shi ke nan ta hana kowa barci. Suka ce sun ji an ce ni na taɓa shiga, in faɗa musu yadda ake yi da abin da yake ci.

Na taɓa shiga, sau ɗaya tak. Kuma kafin ranar, tsibirin da na sani a duniya shi ne Tsibirin Gobir da ke nan kusa da mu, wanda kabu-kabu ke kai mutum har ƙofar fada ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Mu mutanen Gidan Sori ruwanmu gulbi ne, ya zo da damina ya yi ta hauka, rani na yi ya bar mana rairayi yara na wasa a ciki. Don haka kada wadda ta ɗauke ni ɗiyar sarkin ruwa. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Shekarun baya ne, kafin hanyoyin yamma su ɓaci. Mu goma daga ƙungiyoyi daban-daban aka tura Yamai baje kolin SAFEM, wanda ake yi don sana'o'in hannu na mata. Mun tafi da man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, tabarmi da faifai. Lokacin sanyi ne. Daga Gidan Runji muka bi godoro, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, sai Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ƙafafu duk sun kumbura. Washegari da aka wuce da mu ta kan gadar Kennedy, wata dattijuwa a cikinmu, wadda dukanmu Inna muke ce mata, ta leƙa ta taga ta yi salati, ta ce: "Wanga ruwa duka ina za shi? Kuma wa ad da shi?"

Ruwan nan daga duwatsun ƙasar Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya shigo ƙasarmu ya yi tafiyar kilomita wajen 550 kafin ya faɗa Najeriya ya nufi teku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Yamai sau biyu yake cika. Akwai cikar damina, wajen watan takwas da na tara, ruwan ja wur saboda laka. Sai kuma wata cikar cikin sanyi, wajen watan sha biyu da na ɗaya, lokacin da ko ɗigo ba a yi a sama: ruwan da aka yi can Gine ne tun damina, ya tsaya ya bazu a fadamun Mali, sai a lokacin yake isowa. Mu kan wannan ta biyun muka faɗa. Da zafi kuwa, wajen watan biyar da na shida, ja da baya yake yi sosai, duwatsu da rairayi su fito. A 1985 ma sai da ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. Na kawo wannan ne don duk wadda za ta ruwa ta san cewa yana da lokaci kamar gona.

Da aka tashi baje koli muna da kwana ɗaya kafin motarmu, kuma ya faɗo ranar Laraba. Ɗan shugabarmu, wanda ke karatu a jami'a, shi ya kawo shawarar Bubon. Gari ne a bakin kogi, kilomita wajen 25 sama da Yamai, kasuwarsa Laraba take ci, matansa sun yi suna wajen ginin tukwane da tuluna masu zane, kuma akwai tsibiri a tsakiyar ruwa daura da garin. Ana zuwa a mota. Amma mu da muka ga ruwa, wa zai ce mana mota?

Rigimar farko tun a masauki aka yi ta, kuma ba da mai jirgi ba, tsakaninmu ne.

Kuɗin kayan da muka sayar kashi biyu ne. Akwai na kowace mace, akwai na ƙungiyoyi, wanda ke ƙulle a ɗankwalin ma'ajiya. Wata ta ce a ara daga na ƙungiya a biya jirgi, in mun koma gida kowa ta mayar, ai mu ma mambobi ne. Maganar ta yi daɗin ji, ni kaina na ɗan karkata. Ma'ajiya ta ce a'a. Ta ce akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai gaban kowa, to don kuɗin sun fito yawo Yamai ba su tashi daga na akwati ba. Ta ce matan da suka soya ƙulin nan suna can Gidan Sori, ba wadda aka tambaya, ba wadda za ta ga ko kifi ɗaya. Aka ɗan yi tsaki, aka ɗan kumbura. Ta ɗaura ɗankwalinta ta kwanta ta juya mana baya.

Yau in na tuna sai in ga da ta sassauta a daren nan, da wataƙila ƙungiyarmu ba ta kai yanzu ba. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Ba yawan kuɗi ya riƙe shi ba, dala hamsin hamsin ne. Abin da ya riƙe shi shi ne wadda ba ta iya karatu ba ta san dalarta tana inda ta ajiye ta. Ranar da aka ji wakilai sun je birni sun shiga jirgi da kuɗin akwati, ko an mayar har da riba, maganar ta shiga gari ke nan, kuma mazajen da dama can ba su son zuwa taron sun samu abin faɗi.

Sai aka tsaya a kan kowa ta biya daga aljihunta. Ɗaya daga cikinmu tabarminta ba su shige ba, ta ce ita za ta zauna tsaron kaya. Muka gane. Aka yi mata karo-karo ba tare da an yi ta shela ba.

Da sassafe muka sauka bakin ruwa. Jirage iri biyu ne a wurin. Akwai ƙananan kwale-kwale da ake tuƙawa da filafili ko a tokara da gora, na masunta da masu fito. Akwai dogaye na katako masu inji a baya, wasu har da rumfa da tabarma a shimfiɗe. Irin na biyun muka nema. Mai jirgin ya fara da jika 60. Ma'ajiya ta yi dariya ta ce ba sayen jirgin muka zo ba. Aka yi ta ja, yaron yana taya mu da Zabarmanci in Hausar ta tsaya, har aka sauka jika 35, zuwa da dawowa, isansi a kansa. Jika uku da rabi ke nan kowace mace. Ga wadda ke zubin dala hamsin a mako, zubin mako 14 ne cur aka ɗora a kan ruwa rana ɗaya. Ku riƙe wannan lissafin, ƴan uwana na Gazawa, ku yi irinsa da naku zubin kafin ku tsai da magana. Kuma wancan kuɗin wancan lokacin ne.

Ya ce a ba shi duka yanzu ya sayo mai. Ma'ajiya ta ƙirga jika 15 ta miƙa, ta ce sauran 20 sai ƙafarmu ta taka wannan gaɓar da yamma. Sannan ta sa sakatariyarmu ta ciro kaye ta rubuta a gabansa: mu goma da yaro ɗaya, kuɗi kaza, an ba da kaza, za a taso daga Bubon da la'asar, kuma jirgin namu ne mu kaɗai. Ta kira wani dattijo da ke gyaran taru a gefe, wanda muka ga duk masu jirgin suna gaishe shi, aka karanta ya ji. A lokacin na ga kamar ta cika tsanani. Mutum ya tashi yawon shaƙatawa kuma sai an yi kamar ana sayen gona?

Wani abu kuma da ta yi, da muka gama shiga muka zauna, ta zura hannu waje ta auna daga bakin jirgi zuwa ruwa. Kamu guda ne, daga gwiwar hannunta zuwa yatsu. Ba ta ce komi ba.

Rigunan ruwa, irin masu hana nitsewa, huɗu ne kacal a jirgin, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Mu goma ba wadda ta iya iyo. Wannan shi ne kuskurenmu, kuma ba zan ɓoye shi ba: ya kamata mu fita mu nemi wani jirgin ko mu ce sai an aro. Kunya da zumuɗi suka hana. Muka ba Inna ɗaya, muka ba mai ciki ɗaya, sauran biyun aka yi ta turawa juna, "ke sa, a'a ke sa", kamar ragowar tuwo. Allah ne ya tsare, ba dabararmu ba.

Amma tafiyar, wayyo. Na rasa yadda zan kwatanta muku. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa zama awa uku hannuna ba ya yin komi ba sai ranar. Ba daka, ba ɗiban ruwa, ba mai kiran Inna ba ni. Ga ruwa shimfiɗe ko ta ina, ga gonakin shinkafa da lambuna kore shar a gaɓa cikin sanyi, ga masu wanki sun shanya tufafi a kan duwatsu, tsuntsaye farare suna tashi a gabanmu. Da farko kowa ta ƙanƙame katako tana karanta duk abin da ta haddace. Kafin a yi nisa sai ga mai cikin nan ta fara waƙar daka, muna amsa mata da tafi, mai jirgi yana cewa a yi tafi amma kada wadda ta miƙe. Masu cewa yawon buɗe ido na Turawa ne da matan ma'aikata, ban yarda da su ba. Matar da ta yi shekara tana zubi ba ta taɓa tsallake mako ba, ta ci a ce ta huta rana ɗaya ta ga ƙasarta.

Can wajen wani lungu ya rage inji, ya daina magana, ya karkata jirgin ya bi ɗaya gefen. Ya nuna da haɓa. Kunnuwa biyu da hanci ne kawai a saman ruwa, sai wani ya ƙara ɓullowa kusa da shi. Dorina. Wata ta ce a matsa ta gani da kyau. Ya ce: "Hajiya, wannan daga nesa ake gaishe ta. In tana da ɗa, jirgi ba komi ba ne a wurinta." A nan na san mutumin ya san aikinsa, kuma na faɗi haka ne don abin da zai biyo baya kada ya sa ku ɗauke shi mugu.

Tsibirin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne in gaskiya za a bi: itatuwa, inuwa, ruwa ta kowane gefe. Amma mun shimfiɗa tabarma mun ci soyayyen kifi da ƙulinmu da ya rage, Inna ta yi barci har da minshari. Bayan azahar ya tsallaka da mu kasuwa.

To a nan aka yi ta. Tulunan Bubon kyau gare su, fari da ja da zane, ga araha in an gwada da abin da za a ce maka a Yamai. Mace ta ga tulu kuma ta tuna tana da ɗiya da za a kai ɗaki. Wannan ta ɗauki biyu, waccan uku, ni kaina na sayi randa da kaskon turare. La'asar ta yi muna ciniki. Da muka dawo bakin ruwa rana ta riga ta karkata, muka tarar da mutum huɗu zaune a jirginmu da buhu shida a tsakiya, an ɗora kaji a kai. Mai jirgi ya ce ƴan uwansa ne, hanya ɗaya ce, sauka za su yi kafin Yamai.

Aka loda tukwanenmu, muka shiga. Ma'ajiya ta sake zura hannu. Yatsu huɗu. Ruwan da ke can ƙasa da safe yanzu in ka sa hannu a bakin jirgi yana lasar farce. Ta tashi ta fita ta tsaya a gaɓa.

Ta ce: "Ɗana, da sahe mi munka rubuta?"

Ya ce: "Inna, ki yi haƙuri, jirgin nan yana ɗaukar abin da ya fi haka. Kullum aikina ke nan. Kuma gangara za mu yi, ruwa ne zai tura mu."

Ta ce: "Na ji. Ɗauki mutanenka ka tahi, Allah shi kiyaye. Mu mota za mu shiga, jika ashirin ɗinka kuma ta biya muna mota."

Nan fa ya sauko. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce mai ya yi tsada, abin da zai samu a wurin mutanen nan shi ne cefanen gidansa. Ban ƙaryata shi ba. Amma ita ba ta ɗaga murya ba, kayen kawai ta riƙe a hannu. Daga ƙarshe ya nema wa mutanensa wani jirgin aka kwashe buhunan. Sai ya juyo ya faɗi maganar da ta kashe mana baki, ya ce to tunda awo ake yi, a auna da kyau, da safe mata goma ya ɗauko, bai ɗauko tulu ashirin ba.

Gaskiyarsa. Mun iya ganin buhun wani, ba mu ga randarmu ba. Ma'ajiya ta ce ya yi daidai, a fitar da su. Aka nemi motar kasuwa, yaron ya bi tukwanen ta godoro a kan jika biyu, muka tara masa. Da aka sake awo, kamun nan ya dawo. Ko da muka hango fitilun gadar Kennedy ana kiran magariba, iska ta taso, ruwa yana marin gefen jirgi yana fantsamo mana, ƙaramin yaronsa yana ta kwarfewa da gwangwani. Ba wadda ta yi waƙa a dawowa. Ina zaune ina tunanin inda waɗannan marukan za su sauka da yatsu huɗu ne suka rage. A gaɓa ta ƙirga masa jika 20 gaban dattijon nan, ta ƙara masa ɗari biyu ta ce na cefane.

Shekaru bayan haka, ƙarshen watan sha ɗaya na 2021, rediyo ta kawo labarin Bagwai a jihar Kano. Jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da yamma, ɗauke da ƴan makarantar Islamiyya da za su wurin Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasari yara. Lodi ya yi yawa. Ba teku ba ne, ba ma kogi ba ne, dam ne da mutanen wurin suka saba tsallakawa kullum. Ranar na tashi na je gidan ma'ajiya na zauna, ba mu ma yi maganar ba.

Yanzu ga amsata ga matan Agye da Gazawa. Bubon a jihar Tilaberi take, kuma kun san halin da yankin nan yake ciki a shekarun nan. Ni ba zan ce wa ƙungiya ta ɗauki mata ta nufi can ba sai ta tambayi hukuma da mutanen wurin, a makon tafiyar, ba labarin bara ba. Ga kuɗin mota zuwa Yamai da kwana, wanda shi kaɗai ya ninka na jirgin. In ruwa kuke so ku gani ku shiga, ga tabkin Madarunfa nan kudu da Maradi, bai kai kilomita 30 daga birni ba, a je a dawo rana ɗaya. Akwai masunta da kwale-kwalensu, ga kushewun waliyyan nan 99 da ake zuwa ziyara a kewayensa, wadda mijinta ke jan ƙafa ma ta samu abin faɗa masa. Can ma iyaka na kusa, a tambayi lafiyar hanya, a fita da wuri a dawo da rana tsaka. Ku sani jiragen can ƙanana ne, na kamun kifi. Kada ƙungiya ta mace 25 ta ce sai ta shiga a tashi ɗaya don a yi hoto. A shiga kaɗan kaɗan, adadin da mai jirgi ya faɗa a rage ɗaya, masu goyo su bar yaran a gaɓa wurin sauran. Rigar ruwa kuma a yi maganarta tun ana ciniki, kafin kuɗi su fita daga hannu, don in an zauna a ciki kunya ba ta barin mutum ya fito. Ni shaida ce.

Batun kuɗi kuwa, kada a taɓa na bashi, kada a taɓa na taimako. Na taimakon nan na haihuwa ne da rashin lafiya da gobara, ranar da aka kwashe shi aka yi yawo, a makon ne ɗan wata zai kwanta. In ƙungiya ta yarda, a gaban kowa, a buɗe gwangwani na dabam tun farkon zagaye. Dala goma a mako, mace 25, cikin mako 40 ya zama jika 50. Wadda ba ta so ba dole, kuma ba gori. Wadda ta zuba amma ranar ta zo ba ta samu zuwa ba, a tsai da tun yanzu ko za a mayar mata ko ba za a mayar ba, a rubuta a kaye, don irin wannan ƙaramar maganar ce ke raba zumunci.

Tulunan kuwa, bakwai suka fashe tsakanin Bubon da Yamai, wasu huɗu a kan hanyar gida wajen Dogon Dutsi. Randata tana cikin na farko. Kaskon turaren ne ya iso, yana nan ɗakin ɗiyata a Tsibiri. Matan Gazawa, in kun je kun dawo ku kira ni, ku faɗa mini nawa aka ce muku da farko kuma nawa kuka biya, in sa a fitowa ta gaba don na Agye su san inda za su fara tayi.